Yadda za ka zaɓi hedfon na tafiya mai faɗin fagen sauti

Duk wanda ya taɓa zama gaban lasifiku biyu masu kyau ya rufe ido, ya san abin da ake nufi da fagen sauti. Mawaƙi na gabanka a tsakiya, mai ganga na can baya ta hagu, mai jita na gefen dama, kuma tsakaninsu akwai sarari. Sai ka sa iyafis ɗin da aka saba yawo da shi a aljihu, ka kunna waƙar nan dai, ka ji an kwaso kowa da kowa an cusa su cikin kanka, sun jeru a layi ɗaya daga kunnen hagu zuwa na dama. Mai neman hedfon mai faɗi wannan cunkoson yake son ya rabu da shi.

Sai dai faɗi da sauƙin ɗauka ba su cika jituwa ba. Abubuwan da ke buɗa fage su ne girma, da nisa tsakanin lasifika da kunne, da barin iska ta shiga ta fita. Abin tafiya kuwa ana son shi ƙarami, manne da kunne, mai toshe hayaniya. Saboda haka dole ka bar wani abu domin ka samu wani, kuma aikinka shi ne ka san wanne za ka bari da saninka, kada kwalin kaya ya zaɓa maka.

Da farko, ka san me ya sa sauti ke maƙalewa cikin kai

Ƙwaƙwalwa tana gane inda sauti ya fito ta hanyoyi uku. Na ɗaya, lokaci: sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa guda, don haka abin da ya taso daga hagu yana riga isa kunnen hagu da ɗan taƙin da bai kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba. Na biyu, ƙarfi: kanka yana tare wani ɓangare na sautin, sai ya isa kunnen da ke nesa a raunane. Na uku, siffar kunnen waje. Lanƙwashe-lanƙwashen nan da ake gani ba ado ba ne kawai. Suna sauya sauti gwargwadon inda ya fito, gaba ko baya, sama ko ƙasa, kafin ya isa dodon kunne. Kuma kunnen kowa daban yake, shi ya sa hedfon ɗin da abokinka ya rantse maka a kan faɗinsa kai kana iya jin sa a matse.

Da lasifikun ɗaki, kowane kunne yana jin duka biyun, ga amon bango da rufi, ga shi kuma in ka juya kai sautin yana nan inda yake. Da hedfon, na hagu kunnen hagu kaɗai yake ba, na dama ma haka, babu ɗaki, kuma duk inda ka juya makaɗan suna biye da kai. Babu hedfon ɗin da zai maido maka da duk wannan. Abin da mai kyau yake iya yi shi ne ya tura sautin ya wuce kunnuwa kaɗan, ya ba kowane kayan kiɗa mazauninsa, ya raba na kusa da na nesa. Wannan ma babban abu ne, kuma wanda ya saba da shi da wuya ya koma baya.

Mataki na ɗaya: a ina za ka riƙa saurare?

Kada ka duba sunan kowane kamfani sai ka amsa wannan. Akwai mai cewa "na tafiya" yana nufin abin da zai sa a jaka ya kai masauki, ko ofis mai shiru, ko ya zauna da shi a lambu. Akwai kuma mai nufin cikin jirgi, bas, jirgin ƙasa da bakin titi. Na farko ƙofa a buɗe take gare shi. Na biyu kuwa hayaniya ce babbar abokiyar gabarsa, domin abin da ke ba kunne labarin sarari shi ne ƙananan sautuka: wutsiyar amo bayan an daki ganga, numfashin mawaƙi, yadda sauti ke mutuwa a hankali a zaure. Su ne na farko da ƙarar inji ke haɗiyewa. Hedfon mafi faɗi a duniya, in an shiga da shi cikin bas, ya zama ba shi da wani fage ko kaɗan.

Mataki na biyu: zaɓi ƙira

Nan ne kusan dukkan shawarar take, don haka bari mu daɗe a kai.

Mai buɗaɗɗen baya shi ne wanda bayan kofinsa raga ce ko ramuka, har kana iya hango 'yar lasifikar ciki. Sautin da ke fita ta bayanta yana ficewa waje maimakon ya daki marfi ya dawo kunne, kuma kai ma kana jin iskar wurin da kake, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka sautin daga sarari yake zuwa. Kamfanin Sennheiser na Jamus ne ya fito da wannan ƙira da HD 414 a 1968, kuma har yau HD 800 ɗinsu na 2009 ne ake buga misali da shi wajen faɗi: lasifika mai faɗin milimita 56, an karkato ta, an nisanta ta da kunne cikin manyan kofuna. Amma wannan ba abin yawo ba ne. Ba ya naɗewa, yana da om 300 (ma'aunin tirjiyarsa ga wuta), yana bukatar amfilifaya ta kirki, wato na'urar ƙara wa sauti ƙarfi. Na kawo shi ne don ka ga sirrin a fili: girma, nisa, karkata, buɗewa.

Masu buɗaɗɗen baya da za a iya tafiya da su kashi biyu ne. Akwai manya marasa nauyi da wayar salula ke iya turawa, kamar Philips SHP9500 mai om 32 da Sennheiser HD 599 mai om 50. Ba sa naɗewa, sai ka ware musu wuri a jaka, amma ga mai zuwa masauki ko ofis su ne za su fi ba shi abin da yake nema. Akwai kuma ƙanana masu zama a kan kunne, irin Koss Porta Pro da ake ƙerawa tun 1984, mai naɗewa ya shiga tafin hannu, da ɗan'uwansa KSC75 wanda ake rataya shi a kunne ba tare da maɗaurin kai ba. Da yake KSC75 ba ya matse kunne, lasifikar tana ɗan shawagi ne a bakinsa, sautinsa yana da iska fiye da yadda kamanninsa za su sa ka zata. A ganina, wanda bai taɓa jin buɗaɗɗen hedfon ba, da wannan ya kamata ya fara kafin ya yi babban kashe kuɗi.

Aibinsu ɗaya ne kuma babba: na kusa da kai yana jin abin da kake ji, kai ma kana jin duk abin da ke kewaye. A ɗakin karatu za ka dami mutane, a jirgi kuma ba za ka ji komai ba.

Mai rufaffen baya yana tare hayaniya, ba ya zubar da sauti, kuma galibi ya fi bas mai nauyi, wato sautin ƙasa mai kauri irin na babbar ganga. Amma sautin yana kai-komo cikin ɗan ƙaramin kofi, wannan ne ke kawo jin matsi. Ba dukansu ne ɗaya ba. Audio-Technica ATH-M50x yana naɗewa, yana da ƙarko, ya yi suna sosai, amma ba faɗi ne abin alfaharinsa ba, kuma mutane da yawa sun saye shi saboda sunan sannan suka ga ba shi suke nema ba. AKG K371 shi ma yana naɗewa, om 32 ne, kuma daidaiton sautinsa yana sa kayan kiɗa su rabu da juna da kyau, ko da fagen bai kai na buɗaɗɗe ba. In rufaffe za ka saya, nemi mai manyan kofuna masu zurfi da ke kewaye kunne gaba ɗaya. Rufaffe ƙarami mai danne kunne shi ne mafi ƙuncin duka.

Iyafis mai shiga ramin kunne shi ya fi kowa sauƙin ɗauka da tare hayaniya, amma yana tsallake kunnen waje kwata-kwata, ya zuba sauti kai tsaye cikin rami. Hanya ta uku da na ambata a sama ta fita ke nan. Masu kyau cikinsu suna nuna mazaunin kowane kayan kiɗa daram, sai dai duk abin yana faruwa ne cikin kai ko daf da shi. Idan ka karanta wani yana cewa iyafis kaza yana da faɗi, yana gwada shi ne da sauran iyafis, ba da babban hedfon ba.

Akwai kuma tsohon yayi da aka raina, wato iyafis mai faffaɗan kai da ke zama a bakin kunne bai shiga rami ba. Bas ɗinsa kaɗan ne, ba ya tare komai, amma da yake ba ya toshe kunne, sau da yawa ya fi mai shiga rami jin sarari. Wanda yake sauraro a wuri mai shiru kuma yake son abin aljihu, kada ya wuce shi.

Mataki na uku: ɗauki hedfon ɗin ka duba cikinsa

Juya kofin ka leƙa. Sa yatsa ka auna zurfin daga saman soso zuwa yadin da ya rufe lasifika. In ka sa shi kunnenka yana taɓa wannan yadin, nisan ya yi kaɗan, kuma bayan awa guda zafi za ka ji. Duba ko lasifikar a miƙe take ko an karkato ta, gefen gaba ya matso, tana fuskantar kunne ta gaba kamar yadda sauti ke zuwa daga wanda yake maka magana. Wasu kamfanonin a jikin soso suke yin karkatar, bayansa ya fi gabansa kauri. Duk biyun suna taimakawa. Sennheiser HD 560S na cikin masu karkatacciyar lasifika, kuma bai kai giram 250 ba.

Soson da aka lulluɓe da yadi irin karammiski yana barin iska ta ratsa, sauti ya sake, kunne kuma bai cika gumi ba. Na fata ko leda yana riƙe bas amma yana ƙara jin rufewa. In kana sa tabarau, gwada da tabarau ɗin a fuskarka, domin hannunsa yana ɗaga soso, a rufaffen hedfon kuma wannan 'yar kafar ta isa ta zubar da bas.

Sai kayan tafiya zalla: yana naɗewa ko kofunan suna kwanciya? Kebul ɗin yana cirewa? Wannan na biyun ya fi muhimmanci fiye da yadda ake ɗauka, domin kebul ne ke fara lalacewa a jaka, kuma hedfon na gida da yawa suna zuwa da mai tsawon mita 3 da babban baki na milimita 6.35. Kai mai kusan mita 1.2 da baki na milimita 3.5 kake bukata.

Mataki na huɗu: wayarka za ta iya tura shi?

Lambobi biyu ake dubawa. Om yana nuna tirjiyar hedfon ga wutar da ke shigarsa. Ɗaya lambar, mai desibel, tana nuna ƙarar da yake bayarwa da ɗan ƙarfi ƙayyadadde. Om 16 zuwa 60 tare da kusan desibel 100 ko sama a kan miliwat guda, waya ko 'yar adaftar USB-C za ta wadatar. Om 250 ko 300 yana son amfilifaya. Amma kada ƙarancin om kaɗai ya ruɗe ka. AKG K702, wanda shi ma ya yi suna wajen faɗi, om 62 ne kacal, amma yana cin wuta, kuma a waya tsirara sai ka ƙure ƙara kafin ya farka. Ka kuma lura ko an rubuta desibel ɗin a kan miliwat ne ko a kan bolt, domin ba ma'auni ɗaya ba ne, kuma na bolt yakan fito da lamba mafi girma.

Tun da Apple ya cire ramin hedfon a iPhone 7 a 2016, wayoyi da yawa suka bi sahu, 'yar adafta ta zama dole ga mai kebul. Mai kyau guda ta isa. Amfilifaya ba ta ƙirƙiro faɗin da hedfon ba shi da shi. Abin da take yi shi ne ta hana shi shaƙewa a wurin da kiɗa ya yi ƙarfi, inda komai ke curewa wuri ɗaya in wuta ta gaza.

Mataki na biyar: Bluetooth, kashe hayaniya da sautin kewaye

Ana yawan gardama kan hanyoyin da Bluetooth ke matse sauti ya aika, wato SBC da AAC da aptX da LDAC, na ƙarshen nan yana iya kai kilobit 990 a daƙiƙa. Game da faɗin fage, bambancinsu ƙanƙane ne in an gwada da bambancin ƙirar hedfon, don haka kada ka sayi abu saboda wannan kawai. Tarkon Bluetooth na gaske wani ne daban: da zarar wata manhaja ta buɗe makirufon hedfon ɗin, kamar a kiran bidiyo ko hira cikin wasa, yawancinsu suna sauka zuwa yanayin kira, sauti ya koma hanya ɗaya tilo marar inganci. Fage ya rushe nan take.

Masu kashe hayaniya, irin jerin Sony WH-1000X da Bose QuietComfort, rufaffu ne, kuma a ɗaki mai shiru buɗaɗɗe ya fi su faɗi. Amma a cikin jirgi su ne ke cin gasa, saboda suna danne rugugin inji har ƙananan sautukan nan su fito. Mai yawan hawa jirgi ko bas, wannan ne amsarsa, ko da ba ita ya so ji ba.

Sautin kewaye na manhaja kuwa wata hanya ce ta daban: ana lissafa yadda kai da kunne ke sauya sauti, a kwaikwaya. Sony ya fito da 360 Reality Audio a 2019, Apple ya sa fasahar bin motsin kai a AirPods Pro a 2020, sannan Dolby Atmos ya shiga Apple Music a 2021. Bin motsin kai yana aiki ƙwarai a fim, domin muryar tana tsayawa a allo ko ka juya. A waƙa kuwa ya danganta da yadda aka haɗa ta: wata ta buɗe, wata muryar mawaƙin ta yi nisa ta dushe. Ka ɗauke shi ƙari, kuma ka gwada hedfon da shi a kashe tukuna.

Mataki na shida: rarrabe faɗin gaske da na bogi

Wannan ne wurin da aka fi yaudarar kunne. Ana iya sa hedfon ya yi kamar yana da faɗi ta hanyar danne tsakiyar sauti, inda muryoyi suke, a ɗaga bas da kaifin sama. Murya ta ja baya, kuge da sauran masu ƙara sama su yi ta walƙiya a gefe, a minti biyun farko sai ka ce ka shiga babban zaure. Bayan rabin awa za ka lura tsakiyar fagen rami ne, mawaƙin ba shi da jiki, kunnenka kuma ya gaji. Haka bas mai yawa da ke malala kan sauran sauti yana cike sararin da ke tsakanin kayan kiɗa.

Ni dai na fi son fage matsakaici wanda zan iya nuna kowane makaɗi da yatsa, a kan fage mai faɗi da komai ke yawo cikinsa ba mazauni. Faɗi ba tare da daidaiton wuri ba, hazo ne kawai.

Mataki na bakwai: gwaji

Kafin komai, shiga saitin wayarka, ɓangaren taimakon masu lalurar ji, ka tabbata ba a kunna haɗe sautin hagu da dama wuri ɗaya ba, kuma ma'aunin hagu da dama yana tsakiya. Android da iPhone duk suna da wannan. Kashe duk wani mai ƙawata sauti.

Tafi da waƙoƙin da ka sani ciki da bai, waɗanda aka ɗauka da makaɗa na gaske a ɗaki ɗaya: ƙaramar ƙungiyar kiɗa, mawaƙan taro, ko wasan da aka yi gaban jama'a. Waƙar da aka matse ta a kwamfuta don ta yi ƙara ba ta da fagen da za a nuna. Nemi kuma ɗauka guda da aka yi da makirufo mai siffar kan mutum, irin Neumann KU 100. A nan ne za ka ji iyakar abin da hedfon zai iya.

Daidaita ƙarar duk waɗanda kake gwadawa, domin kunne kullum yana fifita wanda ya fi ƙara. Sannan ka rufe ido ka tambayi kanka abu huɗu. Murya tana tsakiya daidai, ko ta karkata? In ta karkata a kowace waƙa, juya hedfon ɗin hagu ya koma dama; in karkatar ta bi shi, lasifikun biyu ba su yi daidai ba, ka ajiye shi. Abin da ya fi nisa a gefe, a jikin kunne ya tsaya ko ya wuce? Kana iya cewa wannan na gaba, wancan na bayansa? Kuma in kiɗa ya yi yawa kowa ya shigo, suna nan a rabe ko sun dunƙule? Ka ba kowanne aƙalla minti ashirin. In ta intanet za ka saya, kada ka biya sai ka karanta sharaɗin mayarwa, tunda kunnenka ne kaɗai zai yanke hukunci.

Bayan ka saya

Matsar da kofunan gaba kaɗan ko ƙasa kaɗan a kan kunne, za ka ji fagen yana sauyawa; nemi inda ya fi zama. A iyafis mai shiga rami, gwada robobi daban-daban: mai faffaɗan baki yakan sake saman sauti, na soso yakan tausasa shi. Soson babban hedfon kuma yana lotsawa da amfani, lasifika ta matso kunne, sautin ya sauya a hankali ba ka lura ba. In ka ga ya kwanta, canza shi da na asali.

Tsofaffin faya-fayai na shekarun 1960 sukan jefa ganga duka a kunne ɗaya, murya a ɗayan, abin da ke gajiyarwa a hedfon. Maganinsa shi ne a ɗan tsiyaya sautin hagu zuwa dama da na dama zuwa hagu tare da ɗan jinkiri, dabarar da injiniya Benjamin Bauer ya bayyana tun 1961, kuma manhajojin sauraro da dama suna da ita. Tana rage faɗi kaɗan, amma tana turo sautin gaba, ya fi kama da na lasifikun ɗaki.

Sai maganar ƙara, wadda ta fi shafar mai buɗaɗɗen hedfon. In ka fita da shi wuri mai hayaniya, hannunka zai yi ta ƙara sauti ba ka sani ba don ka rinjayi ƙarar waje. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar babban mutum a desibel 80 na awa 40 a mako, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: a 83 awa 20, a 86 awa 10. Saita ƙarar tun kana wuri mai shiru, ka bar ta a nan. In ka fita ka ji ba ta isa ba, cire buɗaɗɗen ka sa mai toshe kunne, ka bar wancan sai ka isa masauki.